Yadda na rage gishiri da magi a tukunyata ba tare da an bar min tuwo a kwano ba

Ranar da maigidana ya dawo daga likita ko takalmi bai cire ba ya miƙo min takarda, wai tansiyonshi 17 da 10, wato hawan jini ne, lokotoro ya rubuta mishi magani kuma ya ce a gaya ma mai dafa mishi abinci ta rage gishiri. Mai dafa abincin kuwa ni ce, babu wata. Toh ni da zafin kaina washegari na yi miyar kuka ban saka gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, magi ma ban saka ba, na kai mishi ina jin kaina mai kula da miji. Loma biyu ya yi ya ce alhamdulillah, bayan isha'i sai ga shi ya shigo yana warin tsire da yaji, yara kuma suka lallaɓa suka sayo awara a bakin layi, Hajiya uwar mijina ta leƙa kwano ta ce "ke 'yar nan wannan miya ce ko ruwan wankin kwano". Kin ga an gudu ba a tsira ba, don gishirin yajin mai tsire ya fi wanda na cire yawa.

Daga nan na gane ba haka ake yi ba. Abin da zan rubuta anan shi ne yadda na bi daga baya har gida ya saba, da abin da na ji wurin malaman lafiya lokacin da nake raka shi awo.

Mu fara da lissafi, don in ba ki san nawa kike zubawa ba ba za ki san nawa za ki rage ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya a shafe ba a tsire ba, yara kuma ƙasa da haka, kuma a rahotonsu na 2023 sun ce a duniya mutum ɗaya yana cin wajen giram 10.8 a yini, ninki biyu da ɗoriya kenan. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne wannan cokali ɗayan ba na miya kaɗai ba ne, har da gishirin da ke cikin burodin safe, da na yaji, da na kilishi, da sardin na gwangwani, da mayonez, da arom ɗin da ake tsiyayawa a kan salati, da magi, da kanwa. Eh kanwa, zan zo kanta. Shi magi, kowane iri ne mu dai duk magi muke ce musu, kusan rabin nauyinshi ko fiye gishiri ne, ki ɗauki kwalin ki duba baya za ki ga an rubuta sel ko sodium, in sodium aka rubuta ki ninka sau biyu da rabi shi ne gishirin. Babban dunƙule mai giram 10 kenan shi kaɗai ya kusa cinye rabon mutum guda na yini. Ni da na zauna na ƙirga mu takwas ne a gida, huɗu manya huɗu yara, ina jefa uku da rana biyu da dare, ga gishiri da nake ɗiba da hannu ba awo, kunya ta kama ni wallahi.

Abu na farko da na yi na daina ɗiban gishiri da hannu. Da safe in na shiga madafa sai in auna na yinin gabaɗaya da cokalin shayi in zuba a wani ɗan kofi, in ajiye magin yinin kusa da shi, robar gishirin kuma in mayar da ita can saman kanta inda sai na taka kujera. In na kofi ya ƙare shikenan ya ƙare. Satin farko ban rage da yawa ba, daga magi biyar na koma huɗu, gishiri na rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu, babu wanda ya ce uffan. Bayan kwana goma na sake ragewa. Haka haka har na tsaya a magi ɗaya da cokali uku na gishiri a yini don mutum takwas, na bar sauran rabon saboda burodi da abin da ake ci a waje. Harshe yana sabawa, mu dai cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ya zama in mun ci abincin biki sai mu ji kamar an juye mishi buhun gishiri. Kada ki sanar a gida cewa kin fara ragewa, da kin faɗa kowa zai fara neman laifin miya tun kafin ya ɗanɗana. Kuma kada ki raba tukunya ki ce ga ta mai hawan jini ga ta sauran, na gwada, wahala biyu ce ga cin gaz, shi kuma yana gani ana cin mai daɗi a gabanshi sai ya sa hannu.

Sai kuma wurin da gishirin yake tafiya a banza. Ruwan shinkafa, ruwan maka, ruwan tuwo, duk ki daina saka musu, ai da miya za a ci su. Gishirin miya kuma ki bari sai ta kusa sauka ki saka, don in kin saka tun ruwa na da yawa kika ɗanɗana za ki ji bai ji ba ki ƙara, ruwa ya tsotse ta koma zartsi.

Yanzu ga inda aikin yake. In kin cire abu dole ki mayar da wani abu a gurbinshi, in ba haka ba za ki samu irin miyata ta ranar farko. Iyayenmu kafin magi ya shigo ba lami suke ci ba, ɗanɗano suke ginawa tun daga gindin tukunya da albasa da daddawa da kifi ko ƙashi, mu ne muka koma gajeriyar hanya. Bari in nuna da miyar kuka tunda ita ce ta kunyata ni, kuma mu mutanen Damagaram ba mu da uzuri a kanta, ga Mirriya nan kusa da mu kilomita goma sha takwas cike da itatuwan kuka. Ki nemi kuka sabuwa mai kore shar, in ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ko tana warin ɗaki ta tsufa, ko me kika zuba mata ba za ta yi daɗi ba, ranar Alhamis a kasuwar Dole ki sa hannu ki shinshina kafin a auna miki.

Don mutum takwas ina yanka manyan albasa biyu ƙanana-ƙanana, in zuba mai cokalin miya huɗu kacal, in rage wuta. Anan ne mata da yawa suke gaggawa. Albasar nan ba so ake ta yi laushi kawai ba, so ake ta canza kala ta koma kamar dabino, gefenta ya ɗan yi duhu amma ba ƙonewa ba, yana ɗaukar minti goma sha biyar ko fiye kina juyawa, in ta fara kamawa ki ɗiga ruwa cokali ɗaya ki kankare gindin da muciya, wannan abin da ya kama ɗin shi ne daɗin. Kafin nan kin daka daddawa biyu da tafarnuwa da citta da tattasai da ɗan barkono a turmi sun yi laushi, sai ki juye a kan albasar ki soya minti biyu uku har warin daddawa ya juya ya zama ƙamshi, za ki ji bambancin da hancinki, maƙwabciya ma za ta ji. Sai ki tsaida ruwa kamar litir biyu. Banda kuma, irin wadda ake kawowa daga wajen Difa, ki jiƙa ta a ruwan zafi ki wanke yashi da ƙwari, ki ɓare tsokar ki ajiye gefe, kan da ƙayar kada ki zubar, ki daka su ki dama da ruwa ki tace da rariya a cikin tukunyar. Ki bari ya yi ta tafasa rabin awa ko minti arba'in har ruwan ya ragu ya yi kauri-kauri ya yi kalar shayi da madara, sannan ki zuba tsokar kifin, sannan gishirinki cokali ɗaya da rabin magi in kina so. Ki ɗanɗana anan, kafin kuka. Sai ki rage wuta sosai ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan, cokalin miya biyar zuwa shida ya danganta da yadda kuke son kaurinta, kada ki rufe tukunyar, minti biyar zuwa goma ta yi. In akwai man shanu ki ɗiga kaɗan a kan kwano ba cikin tukunya ba, ƙamshin ya fi fitowa kuma ba ya tafiya da yawa. Ranar da na fara yin ta haka Hajiya ba ta yaba ba, ba halinta ba ne, amma ta aiko a ƙaro mata miya.

In ba kifi ƙashin saniya ko na rago yana yin aikin, sai dai ki dafa shi tun da wuri ya daɗe. Daddawa kuwa ki ɗanɗana kafin ki saya, wasu masu yi suna haɗa ta da gishiri don ta daɗe. Ta kalwa ita na fi sakawa a kuka, ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa ta fi ƙarfi, kaɗan ake sakawa kuma ba kowane yaro ke sonta ba.

Saboda ba kullum ake da lokacin wannan dogon aikin ba, na koma yin garin ɗanɗano nawa ina ajiyewa. Busasshen kifi kofi biyu, daddawa busasshiya kofi ɗaya, gabu kofi ɗaya, kauɗar tumatir kofi ɗaya, sai citta da masoro da tafarnuwa busasshiya kamar cokali bibbiyu, kanumfari 'yan ƙwayoyi don yana da mamaye miya. Kowanne ki ɗan gasa shi daban a busasshen kasko a wuta kaɗan har ya yi ƙamshi, ki bari su huce sarai, ki daka ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai marfi wadda ta bushe. Cokali biyu a miya ko a dafa-duka ya wadatar. Kada ki yi mai yawa, na sati biyu zuwa uku ya isa, don man kifin yana juyawa ya yi wari musamman a zafin Afrilu da Mayu, da damina kuma yana jan danshi ya dunƙule ya yi fumfuna, na taɓa zubar da kwalba guda cur saboda na sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Tsami shi ma babban mataimaki ne. Abincin da aka matsa ma lemun tsami ko aka sa ma ruwan tsamiya ko yakuwa baki ba ya neman gishiri sosai a cikinshi. Dambun zogale, kwaɗon rama ko na tafasa, shinkafa da wake, salati da shu da karoti lokacin sanyi da kayan lambu ke araha, duk ki yanka lemu ki ajiye a gefen tire. Kuma ganyen nan da wake da kabewa da tumatir suna da sinadarin da ake kira fotasiyom wanda yake taimakawa wurin saukar da hawan jini, don haka ki bar ganye ya fi yawa a dambu ba tsaki ba. Sai dai in mutum yana da ciwon ƙoda wannan maganar ta canza, a tambayi lokotoro tukuna, haka ma gishirin nan na farmasi da ake cewa na masu tansiyo ne, kada ki saya mishi da kanki.

Yaji kuwa shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Na kasuwa yawanci an cika shi da gishiri da magi, mutum ya rage a miya ya zo ya barbaɗa cokali biyu a kan wake. Ki daka naki, ƙuli-ƙuli, barkono, citta, masoro, kimba, tafarnuwa, gishiri ɗan kaɗan wanda kika auna, ƙuli-ƙulin ma ki ɗanɗana don wani da gishirinshi yake zuwa. Farin magi mutane suna tambaya, shi ma akwai sodiyom a ciki amma kamar kashi ɗaya cikin uku na wanda ke cikin gishiri, matsalar mu ba musanya muke ba, tarawa muke, ga gishiri ga dunƙule ga fari ga arom duk a tukunya ɗaya.

Toh kanwa. Wannan ita ce wadda ta fi ba ni mamaki don ni ban taɓa sa ta a lissafin gishiri ba, a wurina maganin ciki ce ma. Kanwar nan da ake kawowa daga wajen Gure da ƙasar Manga, ja ce ko fara ko ungurnu, sodiyom ne jigonta, shi ne dai abin da ke cikin gishiri yake riƙe ruwa a jiki yana tada jini. Mu kuma a wake kanwa, a kuɓewa kanwa, a kuka kanwa, a ɗanwake, a masa, a tuwo, ga kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta. Ban ce a yi faɗa da kakanni a kan al'ada ba, amma mai jegon da ƙafarta ke kumbura ko numfashi ke mata wuya ko aka taɓa ce mata jininta ya hau lokacin ciki, a daina ba ta kunun nan a kai ta likita, a dama mata na tsamiya ko na gyaɗa.

Yadda ake dafa wake ba kanwa ba wani sirri ba ne, ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa, kuma kada ki sa tumatir ko wani abu mai tsami sai ya yi laushi don tsami ne ke hana shi nuna. Mai kokot, tukunyar nan mai rufewa gam ta riƙe tururi, ta huta, minti ashirin ya isa. Tsohon wake na bara shi ne mai taurin kai, shi kam ko kin jiƙa zai ci miki wuta, in kin matsu ki jiƙa kanwa 'yar mitsitsiya ki tsiyaye ruwan saman ki sa cokali ɗaya, ba dunƙulen da muke jefawa ba. Kuɓewa ɗanya ki zaɓi ƙanana matasa waɗanda bakinsu ke karyewa ɓas, ki goga ko ki daka, ki zuba a ruwa mai tafasa kada ki rufe, za ta yi yauƙi da kanta. Tuwon hatsi ki yi da ruwan tsamiya maimakon na kanwa, har ya fi kwana lafiya don ɗumame. Ɗanwake ne kaɗai na kasa, ba kanwa ba ya haɗuwa yadda nake so, sai na rage ta rabi na ƙara kuka kuma na mayar da shi na lokaci-lokaci. Masu yin gato da fanke ku ma ku sani, garin levir na leda da ake sa ma gato shi ma ɗan uwan kanwa ne, don haka in kin sa shi ba sai kin ƙara gishiri da yawa ba, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa, fanke kuwa yis ya fi.

Ɗan gishirin da ya rage kina sakawa ki tabbata mai iyod ne, wanda aka rubuta a ledarshi, saboda maƙoƙo da kuma ƙwaƙwalwar yara da mai ciki. Na Bilma da mangul ana son su don ɗanɗano amma kada ki ɗauka sun fi sauƙi ga mai hawan jini, gishiri gishiri ne. Ki ajiye shi a abu mai marfi nesa da murhu da rana don iyod ɗin yana gudu. Jariri da bai kai shekara ba kuwa ba a sa ma abincinshi gishiri ko magi sam, ki ɗebar mishi nashi kafin ki sa.

Akwai masu cewa ai mu a zafin Damagaram gumi muke yi dole mu ci gishiri. Wanda yake yini a rana yana aikin ƙarfi daban ne, amma ni da ke da maigida mai zaman butik ko biro abin da ke cikin abinci ya ishe mu, ruwa ne muke buƙata. Kuma wannan ragewar ba ta shafi ruwan gishiri da sukari na mai zawo ba, shi magani ne a ba shi yadda aka ce.

Maigida har yanzu yana shan maganinshi kullum, rage gishiri bai maye gurbin ƙwaya ba kuma kada wanda ya ajiye magani don ya ga lamba ta sauka, duk wata yana zuwa a auna shi, awon baya 14 da 9 aka samu lokotoro ya ce a ci gaba a haka. Inda muke samun tangarɗa shi ne bayan babbar sallah, naman layya da aka shanya ko aka soya da gishiri don kada ya lalace. Dabarar da nake yi in zan sa shi a miya sai in jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar rabin awa in zubar da ruwan, kuma ranar ba na taɓa kofin gishiri sai na ɗanɗana, sau da yawa naman kaɗai ya ji miyar. Wanda ake ci haka nan da yaji kuma ni ke ɗebo mishi a ɗan faranti, robar tana ɗakina.